Tururuwa ta mamaye mini ɗorawa da bagaruwa: ita ce ke kashe su?

Tambaya: Ina da matasan ɗorawa guda uku a gonata, da bagaruwa ɗaya a bakin rijiya, da shingen lusina da na dasa saboda awaki. Tun shigowar rani tururuwa ta mamaye su, tana hawa tana sauka dare da rana. Ganyen ɗaya daga cikin ɗorawar ya yi danƙo, daga baya ya yi baƙi, tohon lusinar yana ƙanƙancewa, bagaruwar kuwa wani babban reshenta ya bushe, ina kuma ganin gari mai kama da dusa a gindinta. Maƙwabcina ya ce in zuba kalanzir ko baƙin mai a gindinsu, wani kuma ya ce in yi feshi da maganin ƙwari mai ƙarfi. Tururuwar ce ke kashe su? Me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, kafin komai ina roƙonka da ka ajiye shawarwarin nan guda biyu, domin kalanzir da baƙin mai za su cutar da itatuwanka fiye da duk abin da tururuwa za ta iya yi musu, feshi mai ƙarfi kuwa sau da yawa yakan ƙara dagula irin wannan matsala. Abin da ka bayyana matsaloli uku ne daban-daban a kan itatuwa iri uku, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da tururuwa ce asalinta. Tururuwar ƙasarmu ba ta cin ganye, ba ta kuma huda lafiyayyen itace don ta ci; masu yanka ganye su kwashe a nahiyar Amurka suke. Idan ka ga ta yi jerin gwano a jikin itace, to akwai abin da take ɗebowa a sama, kuma aikinka na farko shi ne ka bi ta da ido har inda take tsayawa, domin a can ne za ka ga ainihin abin da ke damun itacen.

Ɗorawa da bagaruwa da lusina dangi ɗaya ne a wurin masana tsirrai, dangin da ake kira mimosa, wanda a cikinsa ne gawo da dakwara da ƙirya da dushe da farar ƙaya da ɗundu suke. Za ka gane su da ganyensu mai ƙananan 'ya'yan ganye jere a kan tsinke, da furensu mai kama da tuntu, da kwanson da suke ajiye iri a ciki. Mafi yawan itatuwan wannan dangi suna da wata halitta da mutane ba su cika lura da ita ba. Ka tsinko ganye ɗaya na ɗorawa ko na lusina, ka duba tsinken da ya haɗa shi da reshe, za ka ga ɗan ƙullutu ko ɗan gurbi wanda bai wuce ƙwayar gero ba. Daga nan itacen yake fitar da ruwa mai zaƙi, ba a cikin fure ba, kuma ya fi fitar da shi lokacin da yake sabon toho. Tururuwa da kiyashi da cinnaka suna zuwa shan wannan ruwa, kuma a kan hanyarsu sukan cinye ƙwan malam-buɗe-littafi da ƙananan tsutsotsi, su kori sauran ƙwarin da suka zo cin tohon. Saboda haka ɗorawa biyun da ba su yi danƙo ba, in dai a kan waɗannan ƙullutai tururuwar take tsayawa, lafiyarsu lau, kuma ka bar su yadda suke.

Wannan alaƙa an daɗe ana nazarinta. A shekarun 1960 masanin halittu Daniel Janzen ya yi gwaji a ƙasar Meziko a kan wata ƙaya mai manyan ƙayoyi masu rami a ciki, waɗanda tururuwa ke zama a cikinsu. Da ya kawar da tururuwar daga wasu itatuwan, ƙwari suka cinye musu toho, ciyayi masu hawa suka lulluɓe su, da yawansu suka mutu, alhali waɗanda aka bari da tururuwarsu suka ci gaba da girma. A nahiyarmu ma akwai irin wannan a yankin Laikipiya na ƙasar Kenya, inda wata ƙaya mai kumburarren gindi ta rufe fili mai faɗi, kuma kusan kowane itace yana da rundunar tururuwa a cikinsa. Giwa, duk girmanta, tana ƙaurace wa waɗannan itatuwa saboda cizon da tururuwar ke yi mata a cikin hanci. Da wata baƙuwar tururuwa mai babban kai ta shigo yankin ta kashe na gida, giwaye suka shiga karya itatuwan, dajin ya yi sarari, har binciken da aka buga a 2024 ya nuna cewa zakunan wurin sun rage kama jakin dawa saboda sun rasa wurin laɓewa, suka koma kan ɓauna.

Sai dai ba kowace tururuwa ce mai tsaron itace ba, kuma binciken Kenya ɗin ya nuna haka ma. Iri huɗu ne ke takarar zama a kan wannan ƙaya. Ɗaya tana kāre ta sosai, wata tana datse idon toho har itacen ya kasa yin fure, wata kuma ba ta zama a cikin ƙayar, ta fi son ramukan da tsutsar buzuzu ta huda a cikin kututture, kuma wani rahoton bincike na 2008 ya nuna cewa itatuwan da wannan ta ƙarshe ke zaune a kansu sun fi yawan huji, sun fi jinkirin girma, mutuwarsu kuma ta ninka ta waɗanda mai tsaron ke kansu. Na kawo wannan ne don ka ga cewa ganin tururuwa kaɗai ba ya isa a yanke hukunci, sai an san abin da take yi a wurin.

Mu dawo kan ɗorawar da ta yi danƙo, domin a nan ne tururuwa take da hannu, ko da yake ba ita ta fara ba. Wannan danƙo darɓa ce, irin wadda ka sani a ganyen dawa. Akwai ƙananan ƙwari masu baki kamar allura, waɗanda ke soka shi a jijiyar ganye ko ta ɗanyen reshe suna tsotsar ruwan itacen. Ruwan yana da sukari mai yawa amma abin gina jiki kaɗan ne a cikinsa, don haka dole ƙwaron ya sha fiye da ƙima kafin ya sami abin da yake bukata, sauran kuma ya fitar da shi ta baya a matsayin ɗigo mai zaƙi. Ɗigon nan ne ke zuba a kan ganyen da ke ƙasa. Baƙin da ya biyo baya wani irin fumfuna ne da ke tsirowa a kan zaƙin. Ba ya shiga cikin ganyen, idan ka goge da jiƙaƙƙen tsumma za ka ga koren yana nan, amma idan ya yi kauri yana tare hasken rana, itacen ya yi rauni, ganye ya soma kaɗewa.

Masu wannan aiki iri-iri ne. Akwai ƙwarƙwatar ganye, mai laushin jiki, baƙa ko koriya, wadda ke cunkushewa a kan sabon toho. Baƙar cikinsu da ke addabar wake da gyaɗa tana hawa tsirrai masu kwanso da yawa, kuma ita ce ta yaɗa cutar da ta yi wa gyaɗar Arewacin Nijeriya mummunar ɓarna a 1975. Akwai masu farin gari a jiki, waɗanda ke taruwa a mahaɗar reshe kamar an liƙa auduga. Akwai kuma masu ɓawo, waɗanda su ne suka fi wuyar ganewa, domin ba sa motsi, suna manne a jikin reshe kamar ƙuraje, sai ka kankare ɗaya da farce ka ga ruwa ya fito sa'an nan ka tabbata mai rai ne. Tururuwa tana yi da waɗannan ƙwari yadda makiyayi ke yi da shanunsa: tana shafa su da gashin kanta su saki ɗigon ta sha, tana korar duk abin da ya zo cin su, wasu irin ma sukan ɗauke su su kai su sabon reshe, ko su gina musu ɗan rufi da ƙasa ko da tattaunannen ɓawo. Illar tana cikin korar nan. A kowace gona akwai masu cin waɗannan ƙwari, kamar ɗan buzuzun nan mai zagayayyen baya da ɗigo-ɗigo, da tsutsarsa, da wasu 'yan mitsi-mitsin dangin zanzaro da ke saka ƙwai a cikin jikin ƙwarin, kuma da ba don tururuwa ta tsaya a tsakani ba, da su kaɗai sun isa su hana matsalar kai wa inda ta kai.

Hanyar gyara tana biyo wannan fahimta. Tun da itacen matashi ne, hannunka zai kai ga yawancinsa. Ka fara da sare rassan da ƙwarin suka lulluɓe gaba ɗaya, ka fitar da su daga gonar ka ƙone. Sa'an nan ka wanke sauran da ruwa mai ƙarfi, musamman bayan ganye, domin ruwa kaɗai yana kakkaɓe da yawa daga cikinsu, yana kuma wanke ƙurar hunturu, wadda ke hana ƙananan zanzaron nan yin aikinsu. Bayan haka ka yi feshi da ruwan sabulu, babban cokali ɗaya na sabulun ruwa a kowace lita ɗaya, ba garin sabulun wanki ba, wanda ke ƙona ganye. Sabulu yana kashe ƙwaron da ya jiƙa ne kawai, da zarar ya bushe aikinsa ya ƙare, don haka sai ka jiƙa su sosai, ka kuma maimaita bayan mako guda, sau biyu ko uku. Ganyen wannan dangi siriri ne, yana saurin ƙonewa, saboda haka ka gwada a reshe ɗaya ka jira kwana biyu kafin ka bi itacen duka, kuma da yamma za ka yi, ba da tsakar rana ba. Idan kana son ƙari, ka daka busassun 'ya'yan darbejiya da aka ɓare, kimanin giram 50 a kowace lita, ka jiƙa su kwana ɗaya, ka tace da kyalle, ka zuba sabulu kaɗan ka fesa a ranar da ka tace. Darbejiya ba ta kashewa nan take. Tana hana ƙwarin ci da girma, don haka kada ka yanke mata hukunci washegari.

Abin da ya fi duk waɗannan tasiri, wanda kuma aka fi sakaci da shi, shi ne raba tururuwar da ƙwarin. Ka sami leda mai kauri, faɗinta kamar tafin hannu, ka naɗe kututturen da ita a daidai gwiwa ko sama kaɗan, bayan ka cusa auduga a ƙarƙashinta don toshe tsagogin ɓawon da tururuwa za ta bi, ka ɗaure, sa'an nan ka shafa giris a kan ledar. A kan ledar, Malam, ba a jikin itacen ba, domin mai yana ratsa ɓawon matashin itace ya kashe shi. Ka sare duk reshen da ke taɓa shinge ko wani itace ko doguwar ciyawa, in ba haka ba za ta sami wata gadar cikin yini ɗaya. Ƙura da busassun ganye sukan rufe giris ɗin, don haka ka riƙa dubawa kowane mako kana sabuntawa, kuma ka kwance ɗaurin bayan wata biyu don kada ya shaƙe itacen. Da zarar masu gadin sun daina hawa, cikin 'yan makonni za ka fara ganin ƙwarin sun bushe sun kumbura, wasu da ɗan rami a baya, wanda shi ne shaidar cewa zanzaron ya ƙyanƙyashe ya fita. Idan tururuwar ta yi yawan da ɗaurin ba ya tare ta, akwai hoda mai suna boraks: giram 5 da sukari giram 100 a rabin lita na ruwa, a zuba a gora mai murfi da aka huda mata ƙananan ƙofofi, a ajiye a bakin hanyarta. Kada ka ƙara yawan hodar, domin amfaninta shi ne ta yi aiki a hankali har tururuwar da ke ɗebo abinci ta kai ta gida ta ciyar da uwarsu mai yin ƙwai. Ka ɓoye gorar daga yara da kaji, ƙofofin kuma su yi ƙanƙantar da ƙudan zuma ba zai shiga ba.

Dalilin da ya sa na hana ka feshi mai ƙarfi yana da tarihi wanda ya shafi wannan dangin itatuwa kai tsaye. Wajen 1868 wani ƙwaro mai farar auduga ya shiga jihar Kalifoniya ta Amurka daga Ostireliya, inda asalin mazauninsa itatuwan dangin bagaruwa ne, ya bazu a gonakin lemo har ya kusa kashe sana'ar. A 1888 aka je Ostireliya aka ɗebo ɗan buzuzun da ke cinsa a can, aka sake shi, cikin shekara biyu matsalar ta kwanta. Haka aka zauna lafiya fiye da shekara hamsin, sai da aka fara feshin wani maganin ƙwari mai ƙarfi mai suna DDT a ƙarshen shekarun 1940, maganin ya kashe buzuzun ya bar ƙwaron, annobar ta dawo. Abin da ke faruwa ke nan a ƙaramar gona ma: mai ɓawo da mai farin gari suna da sulken da ke kāre su daga feshi, masu cin su kuwa a fili suke yawo, don haka su ne ke fara mutuwa, bayan wata ɗaya ko biyu sai ka ga darɓar ta fi ta da. Ga ɗorawa akwai ƙarin dalili. Idan ta fara tutu, wato furenta, jemagu ne ke ziyartarsa da dare, ƙudan zuma da sassafe, kuma da su ne take samun 'ya'ya. Magungunan da ake zubawa a gindi itace ya tsotsa, irin su imidakulofirid, suna kai wa har cikin ruwan fure. Saboda illarsu ga ƙudan zuma ne Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili a 2018. Itacen da za a ci garinsa, a yi daddawa da kalwarsa, bai dace a shayar da shi irin wannan guba ba, haka ma shingen da awaki ke ci kullum.

Lusina tana da nata maƙiyi na musamman, kuma shi na fi zargi. Wani ɗan ƙwaro ne mai tsalle, tsawonsa bai wuce milimita biyu ba, ruwan ɗorawa-kore, wanda masana ke kira Heteropsylla cubana. Asalinsa tsakiyar nahiyar Amurka ne da tsibiran Karebiyan, inda lusinar kanta ta fito, ya bayyana a Hawai a 1984, ya ratsa ƙasashen Asiya cikin shekara biyu ko uku yana lalata gonakin lusina, ya iso gabashin Afirka a 1992. Ka girgiza kan tohon a kan farar takarda: idan ka ga 'yan ƙananan abubuwa suna tsalle, kuma a tsakanin 'ya'yan ganyen da ba su buɗe ba akwai ƙwai rawaya kamar an barbaɗa gari, to shi ne. Idan kuwa baƙaƙe ne masu nauyin jiki da ba sa tsalle, ƙwarƙwatar ganye ce, kuma abin da na faɗa game da ɗorawa ya wadatar. Sabon toho kaɗai wannan ƙwaro yake ci, ba kasafai yake kashe itacen da ya kafu ba, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana rage shi ƙwarai. Shawarata a nan mai sauƙi ce: ka yanke kan da ya lalace ka ba awaki, ka yi ban-ruwa idan da hali, kada ka zuba takin zamani mai yawan yuriya, domin toho mai laushi da yake jawowa shi ne abincin da duk masu tsotso suka fi so. Idan abin ya zama na kowace shekara, ka gauraya shingen da wasu itatuwan kiwo kamar zogale, don kada abincin dabbobinka ya rataya a kan iri ɗaya.

Game da zuba kalanzir ko baƙin mai a gindi, ƙananan saiwoyin da itace ke sha da su suna kusa da saman ƙasa, mai yana ƙone su, yana kuma daɗewa a ƙasa bai ruɓe ba, ga shi bagaruwarka a bakin rijiya take, wanda ke nufin abin da ka zuba zai iya gangarawa cikin ruwan da iyalinka ke sha. Akwai kuma wata asarar da ba a gani. Tururuwa tana cikin manyan maƙiyan gara, gwano ma kusan ba shi da abinci sai ita, shi ya sa za ka gan shi yana dawowa a jere kowane da gara a baki. Wanda ya share tururuwa daga gindin matashin itace a tsakiyar rani ya buɗe wa gara hanya a daidai lokacin da ƙishirwa ta raunana itacen. Ita garar ma, rufin ƙasar da take yi a jikin babban itace yawanci mataccen ɓawo take ci a ƙarƙashinsa, kankarewa ya isa. Dashen da bai wuce shekara biyu ba ne take kashewa ta hanyar cin saiwa, kuma kariyarsa ita ce ruwa a kan kari da kawar da busasshen kara daga jikin kututturen. Idan kuma ka ga jajayen tururuwa masu ɗinke ganye su yi gida a sama, ka yi murna da su duk da zafin cizonsu, domin bincike a Jamhuriyar Benin ya nuna suna rage ƙudan da ke sa mangwaro tsutsa, manoman lemo a kudancin Sin kuwa sun fi shekara dubu suna kiwon 'yan'uwansu da gangan.

Wuri ɗaya da tururuwa ke yin ɓarna da kanta shi ne wajen shuka. Babbar tururuwar nan mai tara hatsi a rami tana kwashe irin da aka watsa a fili, shi ya sa rainon dashe a leda ya fi tabbas. Irin gawo da na bagaruwa da na dakwara kuma suna da nasu ƙwaro, ɗan'uwan wanda ke huda wake a rumbu, wanda ke saka ƙwai tun kwanson yana kan itace. Idan za ka ajiye iri, ka tsinko da wuri, ka ɓare, ka zuba a ruwa ka zubar da masu tasowa sama, ka shanya sauran ka rufe a mazubin da iska ba ta shiga.

Bagaruwar ce ta fi damuna a cikin ukun. Busasshen reshe tare da gari a gindi alama ce ta tsutsar da ke huda itace, mafi yawa 'ya'yan buzuzu mai dogayen ƙahoni. Uwar tana saka ƙwai a tsagar ɓawo ko a bakin rauni, tsutsar ta fara cin ɓangaren da ke ƙarƙashin ɓawo, wanda ta nan abinci ke bi, sa'an nan ta nutsa cikin itacen ta yi watanni, wani lokaci fiye da shekara, tana turo garin waje. Idan ta zagaye reshe, abin da ke sama da wurin ya bushe. Tururuwar da kake gani tana shiga ramin ta zo ne daga baya, ta sami ɗaki a gine, wani lokaci kuma ita ce ke fito da garin yayin da take share wurin. Ka bi kututturen da rassan a hankali ka nemi ramukan. Ramin da garinsa ke da danshi da launin ɗanyen itace, ko wanda ƙaro ke tsattsafowa daga bakinsa, akwai tsutsa a ciki. Wanda bakinsa ya bushe ya yi baƙi, mai shi ya riga ya fita. Feshi a waje ba ya kai wa gare ta. Ka zura siririyar waya mai lanƙwasa ka bi ramin har ka ji ka soke ta, reshen da ya bushe kuwa ka yanke shi da zarto a ƙasa da inda hujin ya tsaya, kusa da mahaɗarsa amma ba tare da ka yanki jikin kututturen ba, yanka mai santsi wanda ruwa ba zai kwanta a kai ba. Kada ka jingine reshen a gona ko a bayan ɗaki da niyyar yin itacen girki nan gaba, ka ƙone shi a makon, in ba haka ba tsutsotsin za su ƙarasa girma a ciki su fito su koma kan itacen.

Waɗannan buzuzu sun fi neman itacen da ya riga ya wahala, domin lafiyayyar bagaruwa takan cika ramin da ƙaro ta kashe tsutsar tun tana ƙarama. Saboda haka ka duba abin da ya raunana taka. A bakin rijiya abubuwan da na fi gani su ne sassaƙen ɓawo don magani, da saran rassa da gatari don dabbobi wanda ke barin tsagaggen baki, da igiyar ɗaure dabba da ta ci jikin kututture, da ƙasar da kofato ya daddanne har ruwa ba ya shiga, da wutar sharar gona da aka hura kusa da gindi. Masu dakwara a Yobe da Borno da Jigawa sun san wannan, cewa tsagar ƙaro idan ta yi zurfi har ta taɓa itacen ciki, ƙofa ce aka buɗe wa masu huji. Ka hana sassaƙa, ka matsar da turke, ka sassauta ƙasar da ke ƙarƙashin inuwar da fartanya ba tare da ka sari saiwa ba, ka zuba ruɓaɓɓen taki nesa kaɗan da kututturen. Idan hujin a reshe ɗaya ko biyu ya tsaya, itacen zai farfaɗo da damina. Idan kuwa ka ƙwanƙwasa kututturen ka ji ya yi kogo, ramuka sun zagaye shi, fiye da rabin rassan kuma sun bushe, to kada ka bar shi tsaye a wurin da mata da yara ke ɗibar ruwa, domin iskar farkon damina tana iya kayar da shi a kansu. Ka sare shi tun kafin hadari ya fara, ka ƙone ɓangaren da ke da huji, ka dasa wani a ɗan nesa da bakin rijiyar.